Tambaya da Amsa: Yadda Ake Alƙalancin Karawar Gambarar Zamani

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda: karawar baki da baki ta mawaƙan gambarar zamani, wato rap, inda mutum biyu ke tsayawa gaba da gaba suna jifan juna da baitoci. Wasu masu kallo ne, wasu kuma an ɗora musu alƙalanci a ƙananan gasa. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna.

Daga Zariya: Assalamu alaikum. Ina kallon waɗannan karawa a YouTube. Babu kiɗa, kowa sai ɗaga murya yake yi, amma sai in ji mutane sun ce wane ya ci 2-1. Da me suke aunawa?

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake gani tsari ne da ya yi ƙarfi daga wajen 2008. Kafin nan yawancin gasa a kan kiɗa ake yin su, kuma nan take ake ƙirƙirar baitocin, kamar yadda ake yi a Scribble Jam a birnin Cincinnati na Amurka. A 2008 aka kafa King of the Dot a Toronto ta Kanada da Don't Flop a Ingila, Ultimate Rap League, wato URL, ta biyo baya a Amurka a 2009, sai FlipTop a Filifin a 2010. A waɗannan ƙungiyoyi kowa yana sanin abokin karawarsa tun da sauran makonni ko watanni. Zai zauna ya bincike shi, ya rubuta, ya haddace, ranar wasa kuma ya zuba ba tare da kiɗa ba.

Turmi uku ake yi, kamar a dambe. Ana jefa kwabo a ga wanda zai fara. A ƙananan gasa kowane turmi yakan kai minti ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane mutum, a manya kuma minti uku zuwa biyar, wani lokaci ma babu iyaka. Turmi-turmi ake ƙirgawa: wanda ya fi a biyu ya ci 2-1, wanda ya kwashe duka ya ci 3-0. Shi ya sa mutum zai iya yin turmi guda da za a shekara ana zancensa amma ya sha kaye, saboda ya yi sakaci da sauran biyun. URL ba ta cika sa alƙalai ba, takan bar wa masu kallo gardamar. King of the Dot kuwa tana sa alƙalai a karawar kambu.

Ma'aunin farko, wanda duk sauran ke bayansa, shi ne: maganar ta sami wanda ke tsaye a gabanka? An ga haka tun watan Disamba na 1981 a gidan rawa na Harlem World da ke New York. Busy Bee ya hau dandamali ya yi abin da ya saba, yana motsa jama'a suna amsa masa. Kool Moe Dee ya biyo bayansa ya kama sunansa, ya bi salonsa yana kwance masa zani a kasuwa. Tun daga nan aka gane cewa nishaɗantar da taro daban, kayar da mutum daban. Bayan wannan sai a duba yadda aka gina maganar, da ko an ji ta sarai, da ko an kai ƙarshen turmin ba tare da tangarɗa ba.

Daga Jos: Ni da abokaina kullum muna musu. Ni na ce rubutu shi ne komai, su kuma sun ce yadda aka furta shi ya fi. Wanne alƙali ya kamata ya fifita?

Ɗan'uwa, sai mun warware kowanne kafin a san abin da ake musu a kai.

Ginin rubutu yana da shimfiɗa da naushi. Shimfiɗa ita ce layi ɗaya zuwa uku da ke jan hankalin mai sauraro zuwa wani wuri, naushi kuma shi ne layin da ke juya maganar ya sauke ta a kan abokin karawa. Masu tsohon salo sukan kawo naushi a kowane layi na huɗu, wasu gwanayen yanzu a kowane layi na biyu. Ga misali da muka tsara da Hausa don a ga sassan:

Kana ta cika baki da layinka, har maƙogwaro ya shaƙe,
na buga, sai aka ce: layin da ka kira a kashe yake.

Alƙali zai lura da abubuwa da dama a nan. "Layi" ya ɗauki ma'ana biyu, layin waƙa da layin waya. "A kashe" ma haka. Jimlar tana tafiya daidai ta kowace ma'ana aka bi, babu wadda aka tilasta. Kowa a ɗakin ya taɓa jin wannan saƙon a wayarsa, don haka ba a buƙatar bayani. Sannan kalmar da ke fasa maganar tana ƙarshe. Da an fara da "a kashe" tun layin farko, jama'a za su riga mawaƙin isa wurin, naushin ya sauka a banza. Idan kuma an san abokin karawar ya taɓa kakarewa a wasansa na baya, to "ya shaƙe" ya zama nasa shi kaɗai, darajar layin ta ninka.

Wannan na ƙarshen shi ne gwajin da muke ba kowane alƙali: ka cire sunan abokin karawa a zuciyarka ka sa na wani. In layin bai rasa komai ba, gama-gari ne. "Ni zaki ne, kai kare ne" ana iya faɗa wa duk wanda aka gamu da shi, kuma mai yiwuwa an rubuta shi tun kafin a san da wa za a kara. Irin wannan ko ya yi daɗi rabin daraja yake samu.

Akwai sarƙa, inda mawaƙi ke ɗaukar jigo guda, a ce sassan mota, ya jera layi shida ko takwas kowanne da kalma mai harshen damo daga jigon. Sarƙa tana burge mutane ƙwarai, shi ya sa take yaudarar alƙali. Sai a bi ta ƙulli-ƙulli: birki ya yi aiki a cikin jimlar, ko ambatonsa kawai aka yi? Giya fa? Idan takwas aka jera uku ne kawai suka zauna, uku za ka ƙirga. Idan kuma ta ƙare ba ta sauka a kan kowa ba, nuna iyawa aka yi, ba a kai hari ba.

Abin da ya fi duka nauyi a wurinmu shi ne hujja: mawaƙi ya ɗauki rauni ɗaya na abokin karawarsa ya gina turmi sukutum a kai, kowane layi yana ƙara wa na baya ƙarfi, har taro ya koma kallon mutumin da wani ido. Misalin da kowa ke kawowa shi ne turmi na uku na Loaded Lux da Calicoe a taron Summer Madness 2 na URL a 2012, inda Lux ya gina maganarsa a kan mahaifin Calicoe da irin turbar da ya ɗora ɗansa a kai. Naushi ɗaiɗai ana mantawa da su bayan mako guda. Hujjar da ta zauna takan bi mutum har wasanninsa na gaba.

Isarwa kuwa ba ɗaga murya ba ce. Ta ƙunshi fitar da kowane harafi, da sanin inda za a ja numfashi, da ɗan tsayawa kafin naushi, da hawa da saukar murya, da inda ido yake kallo, da abin da hannu ke yi. Koma kan misalin nan na sama. In mawaƙi ya tsaya kamar rabin daƙiƙa bayan "sai aka ce", ya sauya murya ya kwaikwayi ta saƙon waya, ɗakin zai tashi. In ya zuba layin biyu da numfashi ɗaya ya haɗiye "yake", rabin mutane ba za su san an yi wani abu ba. Kura-kuran da suka fi yawa sanannu ne. Wani yakan fara turmin farko da iyakar ƙarfin muryarsa, sai ya rasa inda zai hau in babban naushi ya zo, kafin turmi na uku kuma murya ta dushe. Wani yakan ci gaba da magana jama'a na tsakiyar shewa, shimfiɗar layi na gaba ta ɓace a cikin hayaniya, naushinta ya zo babu gindi. Wani kuma akasin haka, yakan tsaya jiran shewar da ba ta zo ba, ko ya maimaita layi sau uku yana roƙon ta.

Hukuncinmu: layin da ba a ji ba, ba a ba shi maki, komai kyansa a takarda, domin alƙali abin da ya faru a wurin yake aunawa. Amma isarwa ba ta cika turmin da babu komai a cikinsa. Saboda haka a fara da rubutu, a ƙirga abin da ya sauka. In ratar tana da faɗi, rubutu ya yanke hukunci. In sun zo kusa, isarwa ce ke raba gardama. Kai da abokanka kowa ya riƙe rabin gaskiya, amma rabinka ake fara dubawa.

Daga Kano: An nemi in yi alƙalanci a wata gasa da matasan unguwarmu ke shiryawa, kuma da Hausa za a yi. Yaya zan auna amsa-amo?

Malam, a nan sai ka tsaurara fiye da mai alƙalanci da Turanci. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka dacewar gaɓar ƙarshe abu ne mai arha. Yaro zai iya jera layi ashirin da "zuwa, dawowa, kamawa, faɗuwa" bai yi gumi ba, saboda ɗafin "-wa" ne ke yi masa aikin. Haka masu rufe kowane layi da "ne" ko "ba". Wannan amsa-amo ne, amma ba gwaninta ba ce, kada ka ba shi komai sama da cewa bai karya ƙa'ida ba.

Gwaninta tana farawa daga gaɓa biyu zuwa sama. "Sarauta" da "farauta" sun dace a gaɓa uku. "Talauci" da "fatauci" ma haka, har tsawon wasali da karin sauti sun zo ɗaya, shi ya sa kunne ke jin daɗinsu. "Baƙin ciki" da "rabin jiki" sun dace a wasula huɗu a jere ko da baƙaƙen sun bambanta, kuma irin wannan ne gwanayen karawa ke nema: jerin wasula ya maimaitu a kalmomi daban-daban. Ka kuma saurari amsa-amon ciki, wanda ke faɗowa a tsakiyar layi, domin shi ke ba baiti kari idan babu kiɗa.

Sai dai akwai tarko. Mai neman dacewar gaɓa huɗu yakan sayar da ma'ana don ya same ta, sai ka ji layi ya yi daɗi a kunne amma in ka tambayi kanka me aka ce, babu amsa. Dabarar ita ce ka mayar da layin zance na yau da kullum a zuciyarka. In ya zama magana mai kai da gindi, amsa-amon ƙari ne. In ya zama shirme, to cike gurbi ne, komai ƙyalƙyalinsa.

Wajen harshen damo kuma ka kula da tsawon wasali da karin sauti. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo ba furucinsu ɗaya ba, haka wuyan jiki da wuyar sha'ani. A rubuce suna kama, a baki sun rabu. Mawaƙi zai iya wasa da su in shimfiɗarsa ta riga ta kawo ma'anonin biyu kusa, har kunne ya yafe ɗan bambancin. Amma in sai da ya murɗe kalmar ta fita daga yadda Bahaushe ke faɗinta, ko ya tsaya yana cewa "kun gane?", to tilas ce, kuma tilas ragi take jawowa. Wanda ya cakuɗa Hausa da Turanci ko Pidgin kada ka hukunta shi don cakuɗawar, sai in ka lura duk inda Hausar ta ƙi ba shi amsa-amo yake tsallakawa.

Karin magana da aka ɗauko yadda take ba ta mawaƙin ba ce, ta kowa ce. Wadda aka juya ta ta dace da abokin karawa ita ke da maki.

Daga Kaduna: Sau da yawa wanda ya fi samun shewa a wurin taro, in na kalli bidiyon daga baya sai in ga ba shi ya ci ba. Me ke jawo haka?

Dalilan a fili suke. Ɗan gari yana da jama'arsa. Wani yakan zo da mutum ashirin ya tsayar da su a bayansa, aikinsu kawai tsalle da ihu a kowane layi, sauran taro kuma su bi. Mai suna ana fara yi masa shewa tun kafin ya kai naushi. Layi mai sauƙi yana samun amsa nan take, mai zurfi kuma kafin a gane shi mawaƙin ya wuce. Sannan makirufo: in ta fi kusa da ɓangaren mutum ɗaya, ko muryar wani ta fi dacewa da lasifikar wurin, abin da na baya ke ji ya bambanta da abin da kyamara ta ɗauka.

Maganin alƙali shi ne ya sa alamarsa a takarda a daidai lokacin da layin ya sauka, kafin ihun ya gama tashi, kuma ya tambayi kansa: me aka faɗa? In ba zai iya maimaita ma'anar layin ba, ihun ba hujja ba ne. Ya kuma lura daga ina ihun ke fitowa. Shewar da ta tashi daga ɓangaren abokin hamayya, ko murmushin da ya kuɓuce wa wanda ake jifa, sun fi ihun magoya baya ɗari.

Suna ma ba ya cikin lissafi. A watan Agusta na 2017 Oxxxymiron, wanda yake cikin manyan mawaƙan gambara na Rasha, ya kara da Slava KPSS, alƙalai biyar kuma duk suka ba Slava. Haka ya kamata takardar alƙali ta kasance, ba ta san wa ya fi sayar da waƙa ba.

Duk da haka kada a jefar da taro gaba ɗaya. Iya riƙe ɗaki sashe ne na isarwa. Baƙon da ya shigo garin da ba a son sa, aka yi masa shiru a turmin farko, amma ya juyo da mutane kafin na uku, ya yi aikin da bidiyo ba ya nuna nauyinsa sosai.

Daga Katsina: Idan mutum ya manta baitinsa a tsakiyar turmi, shi ke nan ya faɗi wasan?

Ba lalle ba. Mataki uku ne. Tuntuɓe shi ne harshe ya sarƙe a kalma, mawaƙi ya gyara cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wuce. Wannan ƙaramin ragi ne, sai in ya faɗo a kan naushin kansa, nan kam layin ya mutu. Kakarewa ita ce ya tsaya cak, ko ya yi ta maimaita layin baya yana laluben na gaba, daƙiƙa biyar, goma, har taro ya fara surutu. Na uku shi ne ya yanke turmin ya sallama. A al'adar harkar, kakarewa sosai tana kayar da turmin, sai fa in abokin karawar ma ya kakare ko bai zo da komai ba. Amma a turmin take tsayawa, ba a ɗaukar ta a kai na gaba. Loaded Lux da muka ambata ya kakare a turminsa na farko da Calicoe, kuma hakan bai rage wa na ukun komai ba. Abin da ba a yafewa shi ne karatu daga takarda ko waya. A 2012, a karawarsa da Dizaster a dandalin King of the Dot, Canibus ya fito da littafin rubutunsa yana karantawa, kuma har yau da wannan ake tuna wasan.

Dalilin kakarewa yawanci ɗaya ne daga cikin uku: an gama rubutu kwana biyu kafin wasa, ko an haddace turmin a matsayin igiya guda ta yadda in shewa ta katse shi ba a san inda za a kama ba, ko an yi ta bita a zuci ba a taɓa yi da cikakkiyar murya a tsaye ba. Masu ƙwarewa sukan haddace layi huɗu-huɗu, su iya farawa daga kowane gungu. Wanda ya manta amma ya cike wurin da ƙirƙirar nan take har ya kamo zarensa, ba tare da shiru ba, alƙali ya ɗauke shi a matsayin mai tuntuɓe kawai.

Daga Yamai: Mene ne matsayin martanin nan take? Kuma gasar da ake yi a kan kiɗa ita ma haka ake auna ta?

Martani shi ne mawaƙi ya buɗe turminsa da amsar abin da abokin karawarsa ya faɗa yanzun nan. Yana da daraja fiye da tsawonsa, domin abu biyu yake yi: yana samun maki, yana kuma rage nauyin layin da aka jefe shi da shi. Layi biyu zuwa huɗu sun isa. In ya wuce haka yawanci inganci yakan faɗi, lokacin rubutaccen turmi kuma yana tafiya.

Alƙali ya bambance iri biyu. Akwai wanda aka shirya tun daga gida, saboda kowa ya san abin da za a zage shi da shi: mai ƙiba ya san za a taɓo ƙibarsa. Wannan hangen nesa ne, yana da lada, amma rubutu ne. Martani na gaskiya yana ɗauko ainihin kalmomin da aka furta a wurin, ko wani abu da ya faru a ɗakin wanda ba mai iya hasashensa. Shi ake ɗaga wa ma'auni, a kuma yafe masa ɗan raunin amsa-amo. A tuna cewa mai magana na biyu yana da damar martani sau uku, na farko sau biyu kacal, kuma ba shi da bakin amsa turmin ƙarshe. Kada a hukunta shi a kan abin da kwabo ya jawo masa.

Gasar kan kiɗa ta fi ƙarfi a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Gasar Red Bull Batalla ta fara a 2005, gasar Freestyle Master Series, wato FMS, kuma a Sifen a 2017. A shekarunta na farko FMS tana ba kowane gungun layi huɗu maki 0 zuwa 4, sannan a ƙarshen zagaye a ƙara har maki 2 a kan kowanne daga cikin abu uku: dabarun amsa-amo, tafiya da kiɗa, da riƙe dandamali. Akwai zagayen da ake nuna wa mawaƙi sabuwar kalma a allo duk daƙiƙa 10, da wanda ake nunawa duk daƙiƙa 5, dole ya saka ta a baitinsa, don a tabbatar ba haddacewa ya yi ba. In maki sun zo kusa sai a ƙara zagaye. A irin wannan gasa kiɗa shi ne ma'auni na farko: layi ɗaya bugu huɗu ne, a kiɗa mai bugu 90 a minti kuwa layi 16 yana cin kimanin daƙiƙa 43. Wanda naushinsa ya sauka bayan bugun huɗu na layi na huɗu ya makara, ko da maganar ta yi kyau.

Daga Gusau, wata 'yar'uwa: Wasu ba su da aiki sai zagin iyaye da tonon silili, kuma su ake yi wa tafi. Wannan ma fasaha ce?

'Yar'uwa, girgiza mutane ba fasaha ba ce. Ashar kowa ya iya ta. Alƙali ya auna yadda aka gina maganar, ba munin abin da aka fallasa ba, kuma zargin da ba a kawo masa wata madafa ba kada a ɗauke shi kamar an tabbatar. Habaicin da kowa ya gane inda ya dosa ba tare da an kama suna ba ya fi zagi tsirara wuyar tsarawa, ya kamata takarda ta nuna haka. A ƙasashen waje masu karawa kan yi yarjejeniya tun kafin wasa a kan abin da ba za a taɓa ba. A wurinmu wannan wajibi ne a rubuce: iyaye, addini, ƙabila, matan aure da mamata a fitar da su, wanda ya keta ya rasa turmin. Wanda ya kai hannu jikin abokin karawarsa kuwa an kore shi daga gasar nan take.

Daga Bauchi: Muna son shirya gasa. Ku ba mu tsarin takardar alƙalai.

Ku sa alƙalai uku ko biyar, kada adadin ya rabu biyu daidai. Kada a sa abokin wani mai karawa ko wanda suke ƙungiya ɗaya. Ku zaunar da su inda suke jin murya kai tsaye, nesa da magoya baya, kuma ba sa magana da juna sai an karɓi takardu. Mai riƙe agogo daban ne, ba alƙali ba. Ku sanar da tsawon turmi tun ranar da aka haɗa wasan, a ce minti biyu da rangwamen daƙiƙa 15, kuma agogo ya tsaya in shewa ta hana magana. Abin da aka faɗa bayan rangwame ba ya shiga lissafi, in ba haka ba mai dogon rubutu zai ci da yawa, ba da kyau ba.

Takardar a raba ta gida shida, turmi uku ga kowane mutum. Alamomi huɗu sun wadatar: karan tsaye ga naushin da ya sauka, tauraro ga wanda ya girgiza wasan ko martani na gaskiya, gicciye ga tuntuɓe ko tilas, da'ira ga kakarewa. Kusa da kowane tauraro alƙali ya rubuta kalma biyu da za su tuna masa layin. Ana gama turmi ya rubuta sunan wanda ya ci kafin a fara na gaba, da biro, ba gyara. Dalili shi ne abin da aka ji a ƙarshe ya fi zama a ƙwaƙwalwa, in aka bari sai an gama duka, mai turmin ƙarshe mai zafi yakan kwashe har da waɗanda bai ci ba.

Alamomin tunatarwa ne, ba lissafin kasuwa ba. Kara goma sha biyu na gama-gari ba su kai tauraro uku da hujja mai zaman kanta ba. Muna ba da shawarar ƙirga turmi maimakon tara maki, domin alƙali mai hannu sake da ke ba da 9 da 10 yakan rinjayi mai tsauri da ke ba da 5 da 6 in aka haɗa jimla. Kada a yarda da canjaras a turmi, kowane alƙali ya zaɓi ɗaya. In kun yi amfani da tsarin da ke iya kawo kunnen doki a ƙarshe, ku sanar tun farko cewa akwai ƙarin turmi na daƙiƙa 60, a sake jefa kwabo, kuma shi kaɗai za a duba. Bayan sanar da sakamako kowane alƙali ya yi bayanin minti ɗaya a gaban jama'a, ya ambaci turmin da ya ba kowa da layin da ya sa shi yin haka.